Ɗan Aiken Nan Ya San Abin Da Ya Ɗauko Kuwa?

Wata Laraba da la'asar sakaliya, a rumfar mai gyaran keke ta garinmu nan ƙasar Gumel, samari shida suka haɗa kai a kan waya ɗaya. Jajiberin kasuwar Maigatari ne, rumfar cike take da kekuna masu jiran faci. Wani ɗan ƙanena da ke sayar da rake a Kano ne ya zo da fim ɗin a memori. Aka jingina wayar a jikin famfo, kowa ya miƙa wuya. Ga wani saurayi da jar riga da jaka a baya, yana kutsawa tsakanin motoci a kan keke kamar allura a cikin tsumma. Turanci ne zalla, ba a yi masa fassara irin ta finafinan Indiya ba, shi ya sa aka mai da ni tafinta.

Mai rumfar, dattijo ne da ya ba sittin baya, bai ko ɗaga kai daga tif ɗin da yake kankarewa ba, sai da na ce keken yaron ba shi da birki.

"Ba birki? To ina abin mamakin, Malam? Ai rabin kekunan garin nan da silifa ake tsayar da su."

Aka fashe da dariya. Amma sai ga shi ya jawo kujerarsa kusa. Can tsakiyar fim, samari na ta ihun gudu, shi kuwa tambaya ɗaya yake ta maimaita mini: wai yaron nan ya san abin da ya ɗauko kuwa? A lokacin na ɗauka surutun tsufa ne. Daga baya na gane duk fim ɗin a kan tambayar nan ya rataya.

Sunan fim ɗin Premium Rush, ya fito a watan Agustan 2012, David Koepp ne ya ba da umarni. Joseph Gordon-Levitt ya fito a matsayin Wilee, ɗan aike a kan keke a birnin Niyok. Yaro ne da ya karanta lauya a Jami'ar Columbia amma ya ƙi zama jarrabawar da za ta ba shi izinin tsayawa a kotu, wai shi ba zai iya zaman ofis da kwat ba. A nan da tuni an tara masa dangi, an fara nema masa rubutu. Wata ɗaliba 'yar Caina mai suna Nima ta ba shi ambulan a jami'ar, can arewacin tsibirin Manhatan, ya kai wa wata mata a unguwar 'yan Caina da ke kudu kafin ƙarfe 7 na yamma. Tafiyar kilomita goma da ɗoriya ce. Bai yi nisa ba wani mutum ya tare shi ya ce ya ba shi ambulan ɗin. Ya hana. Ashe mutumin ɗan sandan ciki ne, Bobby Monday, rawar da Michael Shannon ya taka, wanda caca ta cinye, bashi ya kai masa iya wuya. Daga nan sai tsere har ƙarshen minti 91.

Abin da ya fara ɗaure wa samarin kai shi ne yadda keke zai tsere wa mota. Wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ko kasuwar Singa da tsakar rana ba sai an yi masa dogon bayani ba: tirela na tsaye tana huci, ɗan dako ya ɗora dila a ka ya wuce ta ya je ya dawo ba ta motsa ba. Tun 1811 aka yanka Manhatan layi-layi kamar kunyoyin gona, kusan kowace mahaɗa da fitilar ba da hannu. A tsakiyar birnin, lokacin cunkoso, mota ba ta cin kilomita 10 a awa. Mai keke da ƙarfinsa zai ninka haka ba tare da ya yi haki ba, ga shi ba ya neman wurin ajiye mota, ratar da ke tsakanin tasi da bas ta ishe shi. Cunkoson ya yi tsananin da tun 5 ga Janairun 2025 ake karɓar dala 9 daga ƙananan motocin da suka shiga kudancin tsibirin da rana. Abin da ya haifi ɗan acaɓa a Kano kafin a hana shi ɗaukar fasinja a Janairun 2013, shi ya haifi ɗan aiken keke a can.

Batun birki kuwa, dattijo ya yi gaskiya rabi. Keken da muka sani yana da wani ƙarfe a cibiyar tayar baya da masu gyara ke kira firiwil. Shi ke ba ka damar sakin ƙafa ka huta a gangara, taya na juyawa, kana jin ƙas-ƙas-ƙas. Keken Wilee ba shi da wannan. An ɗaure haƙoran sarƙa da tayar kai tsaye, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ko kana so ko ba ka so. In za ka tsaya, sai ka turje da cinyoyinka har tayar baya ta ja ƙasa. Asalinsa keken filin tsere ne, inda ba mota ba akuya ba mai tsallaka titi. 'Yan aike suka ɗauke shi saboda ba shi da nauyi, ba shi da tarkacen da za su lalace, gyaransa ba ya cin kuɗi. Wato a can ma akwai hannun talauci a ciki, daga baya ne abin ya zama ado da alamar jarumta. Bambancin shi ne yaron garinmu da ke sa silifa a taya, in ka ba shi kuɗin roba gobe zai sa birki. Wilee kuwa da gangan ya cire, har yana wa'azi cewa birki ne ke kashe mai keke, domin wanda ya dogara da shi yakan yi shakka a inda ya kamata ya wuce.

Wannan wa'azin ban saye shi ba. Dokar jihar Niyok ta wajabta birki a kan keke. Kuma shi kansa jarumin, ana cikin ɗaukar fim ɗin a Agustan 2010, ya afka wa bayan wata tasi, hannunsa ya fasa gilashi, sai da aka yi masa ɗinki 31. Sun ma saka hoton hannun da jini a ƙarshen fim, ana dariya. Akwai wata dabara da suka yi mai kyau: duk lokacin da Wilee ya iso mahaɗa sai komai ya tsaya cak, a nuna masa hanyoyi biyu ko uku, ya ga in ya bi nan mota za ta kwashe shi, in ya bi can zai ture mai jariri, sannan ya zaɓi mafita. Abin ya ƙayatar. Sai dai a titin gaske ba wanda ake tsayar wa da agogo. Sauri ya haifi nawa, kuma na ga yadda idon ƙaramin cikin samarin ke ƙyalli a wurin nan, ban ji daɗi ba.

Mu a nan abokin gabar keke ba mota ba ce. Yashi ne da ƙaya. Sunan jihar ma daga jigawa ya samo asali. Tsidau kaɗai ya isa ya riƙe mai faci da iyalinsa shekara guda. Kekenmu jaki ne na ƙarfe: Rali ko Finis, a ƙara masa sufok, a yi wa kariya walda, a ɗora buhun gero ko jarkoki huɗu, in an zo rairayi a sauka a tura. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da aka rataye a zaure suka sauko, malaman firamare da suka saba da babur suka koma feda. Ba wanda ke neman gudu a kansa. Don haka duk wannan tsalle-tsallen a wurinmu kallo ne kawai, kamar wasan kura.

Inda fim ɗin ya shigo gidanmu shi ne cikin ambulan.

Ba kuɗi ba ne a ciki. 'Yar guntuwar takarda ce kamar tikitin silima. Nima ta yi shekara biyu tana aikin wahala ta tara dala 50,000, ta kai wa wani dattijo ɗan ƙasarsu mai harkar tura kuɗi ba ta banki ba, ya karɓa ya ba ta wannan takarda. Duk wanda ya miƙa ta ga matar da ke unguwar 'yan Caina, tamkar ya miƙa dala 50,000 ne. Fim ɗin da bakinsa ya kira tsarin hawala. Da na faɗi kalmar, wani almajiri babba da ke zaune a gefe ya gyara zama, don ya san ta a fiƙihu: mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani. Asalinta hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kuma in aka haɗa ɗayanku da mawadaci to ya bi shi. 'Yan Indiya suna da irinta, hundi. 'Yan Caina ma tun zamanin daular Tang, fiye da shekara dubu da suka wuce, suna da takardar da suke kira kuɗi mai tashi, don fatake su huta da dakon tsabar ƙarfe a hanyar 'yan fashi.

Mu ba mu ba ta suna ba, yi kawai muke. Ɗan ci-rani yana tura baro a Kano, yana son matarsa ta sami kuɗin cefane yau. Sai ya je Singa ya ba ƙanen mai kantin garinmu, wanda dama ya shigo sayen kaya. Ƙanen ya buga waya gida. Kafin magariba yaro ya kai wa matar kuɗin, ko ma a auna mata shinkafa da mai a madadinsu. Kuɗin ɗan ci-rani ba su bar Kano ba, sun zama katan ɗin sabulu. Kuɗin da matar ta karɓa ba su taɓa ganin Kano ba. Ba abin da ya yi tafiya sai magana. Haka ake yi tsakanin naira da sefa a Maigatari, haka 'yan canjin Wapa suka daɗe suna yi da 'yan'uwanmu da ke Makka da Jidda. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mai POS ya zama sarki, wannan tsohuwar hanya ce ta riƙe gidaje da yawa a nan.

To me ya sa tamu ba ta buƙatar tsere, tasu ta buƙata? Domin tamu a kan fuska da murya take. Mai kanti ya san matar, ya san mijin, ya san uban mijin. Ko ka sace wayar ba ka saci komai ba. A birnin da mutum miliyan takwas ke zaune, ba wanda ya san wani, dole a ɗora amanar a kan wani abu da za a riƙe a hannu. Takardar Nima ba ta da suna. Mai riƙe da ita shi ne mai ita. Shi ya sa ba za a iya tura ta ta intanet ba, shi ya sa Nima ta ji tsoron kai ta da kanta kada a tare ta, shi ya sa ɗan sanda mai bashin caca ya ga mafitarsa a ciki. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, amma ga inda zuwa da kai ya zama haɗari, saƙon ma ya zama haɗari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce rashin sanin juna.

Yanzu ga amsar tambayar dattijo. Da farko Wilee bai sani ba, bai kuma damu ya sani ba. Ƙa'idar kamfaninsu ita ce abin da ya shiga jaka ba ya fita sai a hannun wanda aka rubuta. Da wannan ƙa'ida ya hana Monday, kuma har nan ya burge ni, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma da ya je ofishin 'yan sanda kai ƙara, ya tarar mai bin nasa ɗan gida ne a can, sai ya ɓuya ya buɗe ambulan ɗin. Ya ga takarda, bai fahimci komai ba. Sai ya ce shi ba zai mutu a kan abin da bai sani ba, ya mai da saƙon inda ya ɗauko. Ƙa'idar kamfani iyakarta ke nan, rabin hanya. Sai da Nima ta gaya masa gaskiya, cewa kuɗin na fito da ɗanta ƙarami ne daga Caina, an hana yaron biza saboda wani rubutu da ta yi a kan Tibet, yankin da Caina ke mulka, sannan ya bi bayan takardar da ransa, har mota ta buge shi ya tashi da ciwon haƙarƙari ya ci gaba. Masu fim ɗin sun so su yabi ɗan aiken da ba ya tambaya, amma labarin da suka rubuta da hannunsu ya nuna sai da ya san abin da ya ɗauko sannan amanar ta yi nauyi.

Al'adarmu ta aike dama can ba ta yarda da rufaffen saƙo ba. In tsohuwa ta aike ka da kuɗi, a gabanta za ka ƙirga. In ƙulli ne, za ta ce maka daddawa ce da kuka, kada ka haɗa da kananzir. Direban da ke karɓar saƙo a tashar Gumel zuwa Kano, in mai hankali ne, sai ya sa an kwance kwali ya gani, don in jami'an NDLEA suka tare shi a hanya suka sami ƙwaya, shi za a fara sa wa ankwa kafin a nemi mai kaya. Mutanen Jigawa ba su manta ɗalibar nan 'yar jihar da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 ba, saboda jakar da ba tata ba da aka liƙa wa sunanta, ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Ita ko ɗaukar jakar ba ta yi ba. Ina ga wanda ya karɓa da hannunsa ya ce bai tambaya ba?

Akwai kuma wurin da fim ɗin ya shafa wa labarin zuma. Matar da za a kai wa takardar, wadda suke kira Sister Chen, sana'arta safarar mutane ta jirgin ruwa. An nuna mana uwa mai kuka da yaro mai ban tausayi, aka nuna mugun ɗan sanda, sai zuciya ta zaɓi ɓangare ba shawara. Takarda ta isa a kan lokaci, aka buga waya, aka bar yaro ya shiga jirgi, fim ya ƙare kowa na murna. Ba a nuna tekun ba. A wannan unguwar ta 'yan Caina an yi wata mata ta gaske, Cheng Chui Ping, da aka fi sani da Sister Ping, wadda ta haɗa tura kuɗi a ɓoye da safarar mutane. Tana da hannu a jirgin Golden Venture da ya kafe a gaɓar Niyok a watan Yunin 1993 da baƙin haure 286 a ciki, goma suka mutu. A 2006 aka yanke mata shekara 35, ta rasu a kurkuku a 2014. Da yawa daga mutanen yankinsu har ta mutu suna yabonta a matsayin wadda ta fitar da su daga talauci, kuma wannan ma gaskiya ne a wurinsu. Mu ba sai mun je Amurka neman misali ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, akasari daga yankin Kance, nan bayanmu kaɗan, Hausawa irinmu. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Su ma wani ya karɓi kuɗinsu, wani ya kai saƙo a kan lokaci.

Ba ina cewa Nima ta yi laifi ba. Uwa ce, an rufe mata ƙofar gaba ta bi ta baya. Ina dai cewa hanyar da ke kai kuɗin cefane ga matar ɗan ci-rani, ita ce ke kai kuɗin mai safara, kuma ɗan aiken da ke tsakiya ƙafarsa ɗaya ce a duka biyun.

Sana'ar Wilee ma kanta ta sauya kama. Takardun lauyoyi da na bankuna da suka riƙe 'yan aiken keke shekara da shekaru, yawancinsu yanzu ta kwamfuta ake tura su. Abin da ya rage shi ne abinci. Hukumomin birnin sun ƙiyasta fiye da mutum 60,000 ne ke kai abinci gida-gida ta manhajar waya, yawanci a kan keke mai batir, kuma mafi yawansu baƙi ne daga wasu ƙasashe, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma daga irin su Gini da Sanagal. Sai a Disambar 2023 aka fara tilasta biyansu aƙalla dala 17.96 a awa. Ba lauyoyin da suka gaji da kwat ba ne. Sun fi kama da yaron da aka saka a jirgi a ƙarshen fim, bayan ya girma.

Washegari Alhamis na fito da sassafe, na tarar da ƙaramin cikin samarin nan, mai ƙyallin ido, a bakin rumfa yana ɗaure kaji a kariya zai tafi Maigatari. Dattijo ya sa masa sabuwar robar birki a gaba, ya ce ya biya in ya dawo. Wata tsohuwa ta ƙaraso da leda a ƙulle a bakin zane, ta ce ya kai wa ƙanenta mai sayar da igiya a kara. Yaron ya sa hannu zai cusa a aljihu, sai dattijo ya yi gyaran murya ba tare da ya ɗago ba.

Yaron ya tsaya, ya kwance ledar.

"Inna, bari in ƙirga a gabanki. Nawa kika ce?"